Wafa Sultan: me ya fitar da ita, kuma da me za mu amsa mata?

Malam Habibu Gwale
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wani bidiyo ya sake dawowa wayoyin samarinmu, na wata mata 'yar Siriya, Wafa Sultan, tana ɗaga murya a tashar Aljazeera tana cewa Musulmi kaɗai ne ke kare addininsu da ƙona coci-coci da ofisoshin jakadanci. Masu turawa da yawa sun ɗauka sabon abu ne. Ba sabo ba ne. Ranar 21 ga Fabrairu 2006 aka yi shi, a shirin Faisal al-Ƙasim da ake haɗa mutum biyu masu saɓanin ra'ayi su kara. Wanda ta kara da shi malami ne daga Azhar, Dakta Ibrahim al-Khuli.

Ga tarihinta a taƙaice. An haife ta a 1958 a Baniyas, wani gari a bakin tekun Siriya, cikin dangin Alawiyyawa, wata ƙungiyar addini ta tsiraru a Siriya. Ta karanta likitanci a Jami'ar Halab. Ita da bakinta ta ce abin da ya fara girgiza imaninta shi ne kisan wani malaminsu, likitan ido, Yusuf al-Yusuf, a 1979, wanda ta ce 'yan Ikhwan (ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi) ne suka buɗe masa wuta a aji a gaban idonta suna kabbara. A 1989 ta koma Amurka, ita da mijinta suka zauna a yankin Los Anjeles. Kafin ta yi suna har aikin karɓar kuɗi ta yi a gidan mai, tana kuma rubutu da Larabci a wani shafin intanet mai suna Annaƙid. Bayan bidiyon nan mujallar Time ta sa ta cikin mutum 100 masu tasiri a duniya na 2006. A 2009 ta fitar da littafin da ko sunansa hannuna ba zai iya rubutawa ba, don Ubangiji ta jingina wa ƙiyayya.

Maganganunta kan Manzon Allah (SAW) suna ƙona min rai kamar yadda suke ƙona wa kowane Musulmi. Amma ina so mu tsaya mu duba abu biyu. Me ya kai yarinyar da ta tashi tana ɗaukar kanta Musulma wannan wuri? Kuma me ya sa yaro ɗan shekara 20 a Kano ke kallon bidiyon ya ji kamar ita ta yi nasara?

Ustaz Nura
Wa alaikumus salam. Malam Habibu, da girmamawa, ban ga amfanin kawo matar nan cikin zauren nan ba. Suratun Nisa'i aya ta 140 ta ce idan kun ji ana kafirce wa ayoyin Allah ana yi musu izgili, kada ku zauna tare da su. Wanda bai san ta ba yanzu ka sanar da shi, gobe zai je ya nema. Talla muke yi mata kyauta.

Malam Habibu Gwale
Allah ya gafarta Malam, ai tallar an riga an yi ta ba da mu ba. Kuma magabata ba su kau da kai daga irin waɗannan ba. Ibnur Rawandi ya yi suka mai zafi a ƙarni na uku bayan Hijira, al-Khayyaɗ ya zauna ya rubuta masa raddi, magana bayan magana.

Ustaz Nura
Ka kawo min hujja da kanka. Littattafan Ibnur Rawandi kusan duk sun ɓace. Ta ina maganganunsa suka iso mana? Ta cikin littattafan masu yi masa raddi. Ka ga haɗarin da nake faɗa ke nan.

Abba Ɗalibi
Ina neman afuwar manya, ni ne irin yaron da Malam Habibu yake nufi. Na kalli bidiyon, kuma ba zaginta ne ya tsaya min a rai ba. Amsar malamin ce. Ya tambaye ta ko ita mulhida ce, wato wadda ba ta yarda da addini ba, ya ce in haka ne babu amfanin ya tsawata mata tunda ta riga ta yi saɓo. Ita kuma ta ce masa, ɗan'uwa, ka yi imani da duwatsu ma in ka ga dama, muddin ba za ka jefe ni da su ba. Na zauna ina jiran ya amsa zancen ƙone-ƙonen, ban ji ba. Wallahi da na tambayi wani malaminmu, cewa ya yi in goge, in yi istigfari. Na goge, na yi. Tambayar tana nan.

Kabiru Ɗanjarida
Abba ƙanina, abin da ka kalla ba shi ne shirin ba. Shirin ya kusa awa guda, abin da ke yawo 'yan mintoci ne da wata cibiya a Washinton mai suna MEMRI ta yanka ta sa masa fassarar Turanci. An kafa cibiyar a 1998, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai Yigal Carmon, tsohon kanar a sashen leƙen asirin sojan Isra'ila. Ban ce fassararsu ƙarya ce ba. Abin da na ce shi ne mai almakashi shi ke zaɓar inda za ka ga malamin ya yi magana da inda ba za ka gani ba.

Sannan a duba hujjarta mafi ƙarfi a bidiyon. Ta ce duk abin da aka yi wa Yahudawa a Jamus ba a taɓa ganin Bayahude ɗaya ya tayar da bam a gidan abincin Jamusawa ba, ilimi kawai suka kama. Tarihi bai yarda da ita ba. A watan Afrilu 1946 wata ƙungiyar Yahudawa mai suna Nakam ta shafa guba a burodin da ake kai wa fursunonin sojan Nazi a kusa da Nuremberg, mutane da yawa suka kwanta ciwo. A Yulin wannan shekarar wata ƙungiyar Yahudawan mai suna Irgun ta tarwatsa otal ɗin King David a Ƙudus, mutum 91 suka mutu. A 25 ga Fabrairu 1994, cikin azumi, Baruch Goldstein, Bayahude wanda shi ma likita ne, ya shiga masallacin Annabi Ibrahim a Khalil ya harbe masallata 29. Ta ce Musulmi kaɗai ke rushe wuraren ibada. Waye ya rushe masallacin Babri a Indiya a 1992? Ta yi wannan magana shekara uku bayan mamaye Iraƙi, shekara biyu bayan hotunan azabtar da fursunoni a kurkukun Abu Ghuraib, kuma daga ƙasar da ta yi mamayen take magana.

Bulus Wusasa
Malam Kabiru, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, ba na musu. Ni Bahaushe ne Kirista, kuma ba na jin daɗin a zagi abin da maƙwabcina yake girmamawa. Amma ka duba kwanan watan. An yi shirin nan 21 ga Fabrairu 2006. Kwana uku kafin nan, ranar Asabar 18 ga wata, zanga-zangar zanen ɓatancin Denmark a Maiduguri ta rikiɗe, aka ƙona coci-coci, aka kashe aƙalla mutum 15, har da wani fada na Katolika. Babu ɗayansu da ya taɓa zuwa Denmark. Ina da 'yan'uwa a garin lokacin, a gidan wani maƙwabcinsu Musulmi suka kwana, Allah ya saka masa. To idan matar nan ta ce ana ƙona coci don kare addini, ni ba zan iya cewa ta yi ƙarya a wannan gaɓar ba. Lissafa laifin Goldstein ba ya goge na Maiduguri.

Kabiru Ɗanjarida
Haka ne Malam Bulus. Amma a cikin makon nan ɗin aka tashi a Onica aka karkashe Hausawa 'yan kasuwa, aka ƙona masallatai. Waɗanda suka yi ba Musulmi ba ne.

Bulus Wusasa
Ba Musulmi ba ne, kuma abin kunya ne a kanmu. Kalmar "kaɗai" da ta sa a maganarta, nan ta kauce. Sauran kuwa mu da ku duk muna da amsar da za mu bayar.

Ustaz Nura
Ni fa akwai abin da kuke tsallakewa. Ana ta cewa ta bar Musulunci. Wane Musuluncin? Banusairiya ce, wato Ba'alawiyya. Malaman Sunna tun zamanin Ibn Taimiyya sun yi bayanin aƙidar waɗannan mutane. Ba daga gidanmu ta fita ba.

Alhaji Sani Damagaram
Ustaz, bari dattijo ya sa baki a nan, don na yi karatu a Dimashƙa a shekarun 1990, na zauna da mutanen nan, Sunninsu da Alawiyyawansu.

Wannan fatawar da kake nufi, ta cewa Alawiyyawa ba Musulmi ba ne, ita ce masu bindiga suka riƙe a lokacin da matar nan take ɗaliba. Hafiz al-Asad, Ba'alawiyye, ya karɓi mulki a 1970. A 1973 aka yi tarzoma saboda daftarin tsarin mulki bai ce dole shugaban ƙasa ya zama Musulmi ba, sai da aka mayar da sharaɗin, kuma malamin Shi'a Musa as-Sadr na Lebanon ya ba da fatawar cewa Alawiyyawa reshe ne na Shi'a. Daga 1976 aka shiga ɗauki ɗaiɗai: hafsoshi, malaman jami'a, likitoci, yawancinsu Alawiyyawa. Ranar 16 ga Yuni 1979 aka tara ɗaliban makarantar sojan atilare a Halab aka buɗe musu wuta, gommai suka mutu, mafi yawa Alawiyyawa. A garin da Wafa take karatu ke nan, a shekarar da take magana a kai. Yarinya 'yar shekara 21 da ta san cewa sunan garinsu da lafazin bakinta sun isa a gane ko ita wace ce. Wannan tsoron ba ƙirƙira ba ne, kuma duk wanda ya ce ƙirƙira ne bai san Siriya ba.

Amma ga ɗaya rabin. Ranar 27 ga Yuni 1980, washegarin yunƙurin kashe Hafiz, dakarun ƙaninsa Rif'at suka shiga kurkukun Tadmur suka kashe ɗaruruwan fursunoni a cikin ɗakunansu. A shekarar aka yi doka mai lamba 49: zama ɗan Ikhwan kawai hukuncinsa kisa. Sai Hama, Fabrairu 1982. An kewaye garin makonni ana ruwan wuta, masu ƙiyasi suna cewa tsakanin mutum 10,000 zuwa 40,000. Na je Hama da wani abokin karatuna ɗan garin. Muna tsaye a bakin kogin Asi, manyan na'urorin ban ruwan nan na katako suna juyawa suna kuka, sai ya nuna min wani katafaren otal da haɓa, bai ce uffan ba. Sai da muka shiga gidansu ya rufe taga ya ƙure rediyo, sannan ya ce min a wurin unguwar Kilaniyya take, can kakanninsa suke, kuma kawunnansa biyu tun ranar da aka fita da su ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Mahaifiyarsa tana zaune tana ɓare wake, ba ta ɗago kai ba har ya gama.

Waɗanda suka yi wannan ba da kabbara suka yi ba. Gwamnatin Ba'as ce, mai cewa ta raba addini da mulki. A ɗan bidiyon da yaranmu ke turawa babu Hama. Da abokina zai bi hanyar tunaninta, sai ya ce duk wanda ba ya mulki da addini mahauci ne, kuma ita da kanta za ta ce masa ya yi zalunci.

Kuma abin bai ƙare ba. Garinsu ɗin nan, Baniyas, a Mayun 2013 dakarun gwamnati da 'yan barandansu sun yi wa Sunnawa kisan gilla a can da ƙauyen Baida. Bayan faɗuwar gwamnatin Bashar, ɗan Hafiz, a Disamban 2024, a Maris 2025 aka juya kan Alawiyyawan bakin teku, aka kashe fiye da dubu, Baniyas na ciki. Gari ɗaya, jini sau biyu.

Kabiru Ɗanjarida
Ƙari kan na Baba Alhaji. Shi kansa labarin kisan malamin an yi ja-in-ja a kai. Wata jaridar Musulmin Kalifoniya, InFocus, ta ruwaito a 2007 cewa wani shugaban tsangayar likitanci ta Halab ya ce a wajen jami'a aka yi kisan, ba a aji a gaban ɗalibai ba.

Alhaji Sani Damagaram
Ko a ina aka yi, an kashe shi dai. Kada mu fake da wannan.

Yagana Maiduguri
Salam. Tun ɗazu nake karantawa, jikina yana rawa. Abin da matar nan ta ce ta gani sau ɗaya, mu a unguwarmu mun gani har mun gaji da ƙirga. Na ji kabbara da dare, da safe aka fito da gawar maƙwabcinmu mai sayar da gawayi, mutumin da ba ya rasa sahun farko. Akwai lokacin da in na ji an ɗaga murya da Allahu Akbar a titi, yarana nake fara nema. Wannan abu ya fi komai ci min rai, a ce kalmar da nake buɗe salla da ita ta koma abin da ke sa ni gudu.

To amma ban bar addinina ba, kuma ba don na fi ta ƙarfin zuciya ba ne. Na ga su waye ake kashewa. Limamai ne, alarammomi ne, masallata ne. An harbe Malam Ja'afar a masallacinsa na Ɗorayi yana jan sallar asuba a Afrilun 2007. An kashe Malam Albani Zariya da matarsa da ɗansa a Fabrairun 2014. Wanda ya ɓoye mu a gidansa Musulmi ne, wanda ya wanke gawarwakin ya yi musu sutura Musulmi ne. Ta yaya zan ba makasan addinin in bar waɗannan hannu wofi? Abin da nake riƙe da ita da shi ke nan. Ta yarda da makasan cewa su ne Musulunci na gaskiya. Su ma abin da suke faɗa ke nan.

Malam Habibu Gwale
Anti Yagana, Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya ba ku ladan haƙuri. Kin taɓo inda nake so a zo. Wafa Sultan ba ta tsaya a sukar 'yan bindiga ba. Ta sha faɗa cewa matsalar a cikin addinin kansa take, kuma ba ya gyaruwa. A nan ita da mai takfiri, wato mai kafirta Musulmi, suka haɗu: duka biyun sun ce Musulunci fuska ɗaya gare shi, ta takobi, kuma Musulmin da ke zaune lafiya da maƙwabcinsa bai fahimci addininsa ba ne.

Sadauki
[Shugaban zaure ya cire wannan saƙon]

Malam Garba, shugaban zaure
Na cire saƙon Sadauki. Ba a kiran a zubar da jinin kowa a zauren nan, kuma ba a zagin iyayen kowa. Gargaɗi na farko ke nan, ɗana.

Ustaz Nura
Ya yi daidai da aka cire. Sadauki, ni da kai aƙidarmu ɗaya, don haka ka saurare ni. Babu mazhabar da ta ba mutum ɗaya a titi ikon yanke hukunci ya zartar. Wannan aikin alƙali ne da hukuma, da shaidu da bincike. Kuma ka duba me irin maganarka ta yi mata. Kafin barazanar kisa, marubuciya ce a wani shafin Larabci da mutane ƙalilan ke karantawa. Da aka fara yi mata barazana sai jaridar New York Times ta sa labarinta a Maris 2006, daga nan duniya ta san ta. Ina nan kan bakana cewa bai kamata a yaɗa bidiyon ba. Amma wanda ya yi mata barazana ya fi mai yaɗawar yi mata aiki.

Kabiru Ɗanjarida
Masar ta gwada wannan hanyar. Marubuci Faraj Foda ya yi muhawara a bainar jama'a da Shaikh Muhammad al-Ghazali da wasu a bajekolin littattafai na Alƙahira a Janairun 1992, kan daular addini da daular farar hula. Shi bai ma ce ya bar Musulunci ba. A Yunin shekarar 'yan Jama'atul Islamiyya suka harbe shi. Har yau matasan Larabawa suna neman littattafansa, yawancinsu saboda yadda ya mutu.

Dakta Sa'adatu
Maza sun yi ta zancen bindiga da siyasa, an bar rabin labarinta. Na karanta littafin nan da Malam Habibu ya ƙi ambaton sunansa, kuma ban ba kowa shawarar ya karanta ba in ba shi da ƙafa a ilimi. Babban kasonsa ba kan 'yan Ikhwan ba ne, kan mata ne. Ta ba da labarin kakarta, wadda 'ya'yanta maza suka rasu, mijin ya ƙaro aure, aka sa ta shiga hidimar bikin tana cikin makoki. Ta ba da labarin wata 'yar danginsu da aka aurar tana ƙarama ga babban mutum, ta yi ta gudowa gida ana mayar da ita, daga baya ta kashe kanta. Ta kuma faɗi abin da ta gani a wajen mata marasa lafiya lokacin da take aikin likita a Siriya.

Jama'a, ni ma likita ce, kuma abin da ta gani ina ganinsa. Yarinyar da ba ta wuce 14 ba, an kawo ta bayan kwana biyu tana naƙuda a gida, jaririn ya mutu, ta tashi da yoyon fitsari. Tana zaune a kan leda a gefen gado, tana jan zani tana rufe ƙafafunta don kada in ga jiƙewar. Mijin bai zo ba, saƙon saki ya aiko. Matar da ta zo da karayar hannu ta ce min santsi ne ya kwashe ta, uwarta na tsaye a kanta tana cewa "yi haƙuri, aure ibada ne". Duk wanda ya yi musu wannan yana da aya ko hadisin da yake ja ya rufa.

Inda muka rabu da Wafa shi ne ita ta karɓi fassarar azzalumin ta ce haka addinin yake. Ni kuwa na tarar a cikin Bukhari cewa Khansa'u bint Khidam ta kai ƙara cewa mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, Annabi (SAW) ya warware auren. Na tarar matar Sabit bin Ƙais ta ce ba ta zarginsa a addini ko hali, ba ta dai son zaman ne, aka ce ta mayar masa da gonarsa ya sake ta. Amma kada mu yaudari kanmu. Yarinyar da ke kan ledar nan ba ta taɓa jin sunan Khansa'u ba.

Hajiya Maman Khalifa
Dakta, Allah ya yi miki albarka. Shekarata nawa ina zuwa Islamiyyar matan aure, babin biyayya mun haddace shi kamar Fatiha. Hadisin Khansa'u sai a bakin jikata na fara ji. Ustaz Nura, ɗana, kai nake tambaya: me ya sa?

Ustaz Nura
Hajiya, hadisin yana cikin littattafan da muke karantarwa, kuma akwai malaman da ke faɗarsa a kan mumbari. Amma gaskiya ba a ba shi rabin lokacin da ake ba wancan babin. Masu saurare maza sun fi son wancan, mai wa'azi kuma mutum ne. Sai dai ina so a bambance. Zaluncin miji laifin miji ne. Ba ya zama lasisin a zagi Manzon Allah (SAW). A Maris 2008 da ta sake fitowa a wannan shirin, abin da ta faɗa ya kai tashar da kanta ta fito ta ba masu kallo haƙuri, Shaikh Ƙardawi ma ya yi mata martani a shirinsa. Wannan ba kukan wanda aka zalunta ba ne, cin mutunci ne.

Dakta Sa'adatu
Ban ce lasisi ba ne, Malam. Cewa na yi ƙofa ce. Annabi (SAW) da kansa, da aka kawo masa ƙarar limamin da ke tsawaita salla, ya yi fushi ya ce a cikinku akwai masu kore mutane. Tsawaita salla fa kawai. Ina ga wanda ya karya hannun matarsa ya ce Allah ne ya ba shi dama?

Bulus Wusasa
Tambaya ɗaya gare ni. Idan matan Siriya ne suka dame ta, me ta yi musu bayan ta samu suna?

Malam Habibu Gwale
Tambayar da ta fi damuna ke nan, Malam Bulus. Da farko da Larabci take rubutu, Larabawa take yi wa magana. Bayan 2006 masu saurarenta suka canza. Littafinta da Turanci ya fito. A 2010 ta ba da shaida a kotun Amsterdam a ɓangaren Geert Wilders, ɗan siyasar Holan da ya nemi a haramta Alƙur'ani a ƙasarsa. Matar da ta ce kowa ya yi imani da abin da ya ga dama muddin bai jefe ta ba, ga ta tsaye tare da mai son a hana mutane littafinsu. Waɗanda ke tafa mata a can, da yawansu su ne ba sa son ganin 'yan gudun hijirar Siriya a garuruwansu, kuma cikin 'yan gudun hijirar nan akwai irin matan da ta rubuta labarinsu. Matar da mijinta ke duka a ƙauyen Halab, in ka ce mata sai ta jefar da Alƙur'aninta za ta tsira, ka rufe mata ƙofa ne. Wanda ya karanta mata hadisin Khansa'u ya raka ta gaban alƙali shi ya taimake ta.

Abba Ɗalibi
Na gode wa kowa, musamman Baba Alhaji da Anti Yagana. Zancen ƙone-ƙone ya zauna min yanzu. Amma zan faɗi gaskiya, akwai sauran. Abokaina ba zancen Hama suke kawo min ba. Ayoyi suke kawowa. Ayar da ta yi maganar miji ya ladabtar da matarsa, wato ta 34 a Suratun Nisa'i, da zancen shaidar mata biyu, da hukuncin wanda ya yi ridda. In na ce zan tambaya sai a ce shubuha ce, in yi shiru. A ina ake tambayar irin waɗannan ba tare da an fara kallon mutum wani iri ba?

Hajiya Maman Khalifa
A nan. Ustaz ga ɗalibi, kuma kada a ce masa ya goge.

Ustaz Nura
Ba zan ce ba, Hajiya. Abba, sharaɗina biyu. Ɗaya bayan ɗaya za mu ɗauka, kuma za ka karanta abin da na turo har ƙarshe kafin ka mayar da martani, don waɗannan ba mas'alolin minti biyar ba ne. A wasu wuraren malamai sun yi saɓani tun da, zan kawo maka saɓanin yadda yake ba zan ɓoye ba. Malam Garba, a buɗe mana wani zaren daban bayan isha'i. Dakta Sa'adatu, ina roƙon ki kasance, don in mun zo kan aya ta 34 akwai abin da kike gani a asibiti wanda ba na gani a littafi.

Dakta Sa'adatu
Ina aikin dare yau, amma zan leƙo in an samu sarari. A fara da ta 34 ɗin.